An ga ƙwayoyi a ruwan bayan ɗana bayan dashen ɓargo, ciwon ne ya dawo?

Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara bakwai yana fama da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira ALL. Ta lafa, ta sake dawowa a ɓargonsa, sai aka yi masa dashen ɓargo bayan an gasa masa jiki duka da hasken radiyeshan. Yayarsa 'yar shekara sha ɗaya ce ta ba shi. Da ya cika kwana ɗari aka yi gwajin ɓargo, ya fito tas. Amma a ruwan da aka ɗiba a bayansa an rubuta fararen ƙwayoyi 14, furotin 62, da wasu ƙwayoyi da aka ce siffarsu ta sauya. Ciwon bai taɓa shiga ruwan ba a da. Likita ya ce za su sake ɗiba mako mai zuwa. Yaron yana cin abinci, yana wasansa, amma ni tun ranar ban runtsa ba. Babansa ya ce ya isa haka, ba wanda zai ƙara soka masa allura a baya, kada a ƙarar masa da ruwan jiki ko a nakasa shi. Yayar kuma ta ji muna maganar, ta shige ɗaki tana kuka wai ɓargonta ne ba shi da kyau. Don Allah, ciwon ne ya dawo?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle ke da ciwon nan ya sara har sau biyu. Don haka ban ga laifinki ba. Amma lambobin nan biyu, 14 da 62, ba su isa su yanke hukunci ba. Iyakar abin da suka faɗa shi ne an samu baƙi a cikin ruwan fiye da yadda aka saba. Su wane ne, daga ina suka fito, me ya kawo su, wannan shi ne aikin ɗiba ta biyu da maigidanki yake son hanawa. Shi ya sa shawarata tun daga farko ita ce a bari a ɗiba.

Ruwan da muke kira ruwan baya, ƙwaƙwalwa ce ke samar da shi a wasu kogunan da ke cikinta. Yana kewaye ta, ya gangaro ya lulluɓe laka har ƙasan gadon baya. Garau yake kamar ruwan sha. A mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini a cikinsa ba sa wuce 5 a kowace maikirolita, furotin yana tsakanin miligiram 15 zuwa 45 a kowace desilita, sukarinsa kuma kusan kashi biyu cikin uku na sukarin jini. Kin ga ke nan na ɗanki sun haura, amma kaɗan suka haura. A sanƙarau na bakteriya ɗaruruwa ake gani, wani lokaci dubbai. Sai dai kada wannan ya sa a yi sake, domin yaron da ake danne wa garkuwar jiki yana iya ɗauke da cuta ba tare da lambarsa ta yi tsalle ba. Likitocinsa sun san haka, kuma yana cikin dalilan da suka sa ba su ce "ba komai, ku tafi" ba.

A sankarar jini, yawan ƙwayoyin ba shi ne abin dubawa na farko ba. Irinsu ake dubawa. Akwai ɗanyun ƙwayoyin da ba su nuna ba, waɗanda su ne ainihin sankarar, likitoci na ce musu bilas. Da su ake rarraba sakamako gida uku: CNS1 idan babu bilas ko ɗaya, CNS2 idan akwai su amma fararen ƙwayoyin ba su kai 5 ba, CNS3 idan akwai su kuma fararen sun kai 5 ko sun wuce. Lura da kyau: a duka ukun, sai an tabbatar da bilas ake maganar sankara. Ƙwayoyi 14 da babu bilas a cikinsu CNS1 ne, wato ba a ga ciwon a ruwan ba, sai a koma neman wani dalilin. Takardarku ba ta ce bilas ba, cewa ta yi siffa ta sauya.

A nan ne yaron da aka yi wa dashe ya bambanta da sauran yara. Ɗanki yanzu garkuwar jikinsa sabuwa ce fil, ta yayarsa ce, kuma tana kan ginuwa. Akwai wani jinsin fararen ƙwayoyi da ake kira limfosait, su ne masu sintiri a jiki. Bayan dashe suna bazuwa ko'ina, har cikin ruwan ƙwaƙwalwa ana samunsu. Limfosait ɗin da ya motsa, ko don ya gamu da bairos ko don ya tsinci kansa a baƙon jiki, yakan kumbura, cibiyarsa ta yi girma, launinsa ya canza. A ƙarƙashin madubin likita sai ya yi kama da bilas ƙwarai, har ƙwararre ya tsaya yana jujjuya kai. Mai duba gilashin da ya san aikinsa ba zai rubuta "sankara" ba, ba kuma zai rubuta "lafiya lau" ba, zai rubuta abin da idonsa ya gani: siffa ta sauya. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma wahalar da ruwan kansa ke sha kafin ya isa madubi. Ƙwayoyin da ke cikinsa ba sa jure zama a kwalba, cikin sa'o'i kaɗan suke fara lalacewa, kuma lalatacciyar ƙwaya tana da ruɗarwa. Ko allurar ta ɗan taɓa wata ƙaramar jijiyar jini a hanyarta, jini ya gauraya da ruwan. Idan haka ta faru, fararen ƙwayoyi da furotin duk za su hau, domin daga jinin suka shigo. Ki duba takardar, akwai layin jajayen ƙwayoyi. Ƙiyasin da ake yi shi ne duk jajaye 500 zuwa 1000 sukan shigo da fara ɗaya.

Furotin kuwa ya fi kowa saurin hawa da jinkirin sauka. Yaron da ya yi shekaru ana zuba masa magungunan sankara, metotireksat da sitarabin, ta baya, sannan aka gasa masa jiki duka kafin dashe, fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwarsa ta sha wuya, kuma tana iya yoyon furotin kaɗan kaɗan na wani lokaci. Su kansu magungunan da ake zubawa ta baya suna iya tayar da kumburi marar ƙwayar cuta. Haka ma ruwan garkuwa na IVIG da ake ƙara wa yaran dashe da yawa: yakan kawo ciwon kai da ƙaruwar ƙwayoyi a ruwan cikin kwana biyu ko uku da ƙarin. In an ƙara wa ɗanki shi gab da ɗibar, ki tuna wa likita.

Sai cututtukan da ke jiran garkuwa ta yi rauni. Wanda ya fi shahara bayan dashe shi ne bairos ɗin HHV-6. Kusan kowane yaro yana kamuwa da shi kafin ya kai shekara uku, ya kwanta shiru a jiki, sai garkuwa ta faɗi ya farka. Yawanci tsakanin mako na biyu zuwa na shida bayan dashe yake taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɓoye yake zuwa ba: yaro ya ruɗe, ya manta abin da aka faɗa masa yanzu-yanzu, barcinsa ya rikice, ko ya yi jijjiga. Yaron da ya cika kwana ɗari yana wasansa bai yi kama da wannan ba, amma gwada shi ba wuya, da gwajin PCR mai gano DNA ɗin bairos a ruwan da aka ɗiba, tare da wasu bairos irin su CMV da EBV. Idan an samu, akwai magani, irin su gansaikulobir da foskanet.

To, yanzu ga abin da nake so ki riƙe, domin a nan Allah ya yi muku sauƙi. Ɗanki namiji ne, wadda ta ba shi ɓargo mace ce. Ƙwayoyinsa na asali, har da na sankarar, daga jikin namiji suka fito, alamar jinsinsu XY ce. Na yayarsa XX ne. Ɗakin gwaji yana iya duba ƙwayoyin nan ya ce na wane ne, ko ta wannan hanya ko ta gwajin DNA da ake kira kaimerizim, wanda na tabbata an riga an yi masa a jini ko a ɓargo. Idan baƙin da ke cikin ruwan na yarinyar ne, to masu gadi ne suka iso. Sannan akwai na'urar da ke tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken leza, fulo saitometiri. Ita ba ruwanta da siffa, tambarin da ke jikin ƙwaya take karantawa. Bilas ɗin ɗanki suna da tambarinsu da aka rubuta tun ranar da aka gano ciwon, da shi za a kwatanta. Ta fi ido gani nesa ba kusa ba. Amma duka gwaje-gwajen nan suna buƙatar sabon ruwa, isasshe, wanda aka kai ɗakin gwaji da gaggawa. Dalilin ɗiba ta biyu ke nan.

Idan kun koma, ki tafi da takarda da biro, kuma ki roƙi baban yaran ya zo da kansa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku tambaya: an ga bilas ko ba a gani ba? Jini ya gauraya da ruwan? Za a yi fulo saitometiri a wannan karon? Za a iya gane ko ƙwayoyin na yayarsa ne? Waɗanne bairos za a nema, akwai buƙatar hoton MRI, kuma yaushe za mu ji sakamako, daga bakin wa? Wannan ta ƙarshen kada ki raina ta. Rabin azabar iyaye daga karanta takarda su kaɗai cikin dare take fitowa, babu mai fassara musu.

Maganar maigidanki kuma, kada ki ɗauke ta a matsayin taurin kai. Uba ne da ya yi shekaru yana kallon ana lanƙwasa ɗansa ana soka masa allura, ba shi da ikon hanawa, yau ya ga wurin da zai iya cewa a'a. Gardama ba za ta sauko da shi ba, amma tsoronsa biyu duk suna da amsa.

Ruwan ba ya ƙarewa. A jikin babban mutum akwai kusan mililita 150 a lokaci guda, ƙwaƙwalwa kuma tana samar da kusan 500 a kowace rana, wato ana sabunta shi sau uku ko huɗu kafin gari ya sake wayewa. Abin da ake ɗiba 'yan mililitoci ne, jiki yana mayar da su cikin sa'a ɗaya ko biyu. Nakasa kuma, laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba. A yaro mai shekarun ɗanki tana tsayawa a wajen ƙashi na ɗaya ko na biyu na ƙugu, allurar kuwa tsakanin na uku da na huɗu take shiga, ko na huɗu da na biyar. A wurin babu laka, sai zaren jijiyoyi da ke yawo cikin ruwa, waɗanda masana suka raɗa wa suna jelar doki, kuma sukan kauce wa allura. Tun 1891 likitan Jamus Heinrich Quincke ya fara wannan aiki, ba sabon abu ba ne. Haɗarin da ake tsoro da gaske shi ne zubar jini idan ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa, shi ya sa ake gwada su kafin a taɓa yaro, a ƙara masa idan sun gaza. Abin da ya fi yawan biyo baya shi ne ciwon baya na kwana ɗaya ko biyu, ko ciwon kai da ke tsananta in an zauna ya lafa in an kwanta. Ku nemi a shafa masa maganin kashe zafi a wurin, ko a yi masa allurar barci, kuma a bar ɗayanku kusa da shi. Haƙƙinsa ne.

Akwai wani tarihi da nake ganin ya kamata baban ya ji. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge da Allah ya yi don kare ta daga guba. Shingen nan yana tare yawancin magungunan kemo, amma sankara kan tsallaka ta ɓuya a bayansa. A farkon shekarun 1960, sama da rabin yaran da aka samu ciwonsu ya lafa, ta ƙwaƙwalwa yake dawo musu, kuma waɗanda ke rayuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Likita Donald Pinkel da abokan aikinsa a asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka su ne suka dage cewa sai an bi ciwon har bayan shingen, ta hanyar gasa kai da radiyeshan da zuba magani ta baya. A binciken da suka fara a 1967, kusan rabin yaran suka warke. Yau a ƙasashen da ke da cikakken kayan aiki, kusan tara cikin goma na yaran da ke da ALL suna rayuwa. Allurar da yake jin haushinta tana cikin manyan abubuwan da suka kawo wannan.

Ba zan yaudare ki ba, 'yar'uwa: ɓargo mai tsabta ba ya hana ciwon ɓullowa a ruwan ƙwaƙwalwa shi kaɗai, saboda shingen nan da na faɗa. Yana faruwa. Amma ba kasafai ba bayan dashe, kuma ya fi samun yaran da ciwon ya taɓa shiga ruwansu a baya, wanda kin ce naki bai taɓa ba. Ga shi an gasa shi, radiyeshan na jiki duka kuwa yana kaiwa har ƙwaƙwalwa. Ga shi yana ci yana wasa. Waɗannan duk suna gefenku. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka tabbatar bilas ne, ba a rufe littafi ba. Ana zuba magunguna uku ta baya, metotireksat da sitarabin da haidirokotizon, ana iya rage magungunan danne garkuwa don ƙwayoyin yayarsa su ƙara ƙarfin yaƙi, akwai ƙarin radiyeshan ga wanda jikinsa zai ɗauka, akwai kuma sababbin hanyoyi ga nau'in ALL da ake kira B, irin CAR-T, wato ƙwayoyin garkuwa da ake sarrafawa su farmaki sankarar, waɗanda Amurka ta amince da su ga yara a 2017. Kowace daga cikinsu ta fi aiki idan an kama abin yana ƙarami, lokacin da yaro bai fara nuna alama ba. Jinkirta ɗibar ba zai canza abin da ke cikin ruwan ba, lokacin da za a san shi kawai zai canza.

Kafin ranar, ki daina kallon takarda ki koma kallon yaron. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba a kwana da shi a gida, kuma kada ki ba shi farasitamol kafin ki auna ki kira asibiti, domin zai rufe alamar. In yana shan sitiroyid, zazzaɓin ma yana iya ƙin fitowa, sai dai ki ga ya yi laushi. Ciwon kai mai tsanani, musamman da amai da sassafe, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ganin abu bibbiyu ko ido ya karkace, baki ya goce gefe guda, ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya ƙi fita, barcin da ya wuce kima, ruɗewa, ko jijjiga komai gajartarta: ko da tsakar dare ne ku tafi, kada ku jira ranar da aka ba ku. Wasu daga cikin alamun nan ma ba sankara ba ce ke kawo su. Saikulosiforin da takurolimus, magungunan da ke hana sabon ɓargo faɗa da jiki, suna iya hawar da jini su kumbura sashen baya na ƙwaƙwalwa, yaro ya yi ciwon kai ko jijjiga ko ganinsa ya dushe. Wannan yakan warware idan an gane shi da wuri aka gyara maganin. Likita ne zai gyara, kada ki rage ko ki tsayar da kanki, kada kuma a ba shi wani magani ko jiƙo da ba su suka rubuta ba, komai kyakkyawar niyyar mai kawowa.

Na bar maganar yarinyar a ƙarshe ne don ita ce ba za ta jira mako mai zuwa ba. Yaran da suka ba ƙannensu ɓargo sukan ɗora wa kansu nauyin duk abin da ya biyo baya, kuma ba sa faɗa. Taki ta faɗa da kuka, kin ci sa'a. Yau ɗin nan ki zaunar da ita, da babanta a wurin in zai yiwu, don shi ma yana buƙatar ya ji. Ki gaya mata cewa cikin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya cikin huɗu ne kawai ake sa ran ɓargonsu zai dace, kuma nata ya dace. Ki gaya mata gwajin ɓargon da ya fito tas, nata ne aka gwada, don shi ne yanzu a jikin ƙanenta, shi ke yi masa jinin da yake gudu da shi a tsakar gida. Ki gaya mata likitoci sun ga wasu ƙwayoyi a ruwan bayansa suna so su san ko su wane ne, kuma mai yiwuwa ma nata ne suka je gadi. Kada ki yi mata alkawarin cewa ba abin da zai faru, yara suna riƙe alkawari. Abin da za ki iya rantse mata a kai shi ne, ko me sakamakon ya nuna, ciwon tun kafin dashen yake, ba daga jikinta ya fito ba. In asibitin suna da mai ba yara shawara, ki nemi a haɗa su, kuma ranar da za ku koma ki tafi da ita, ki roƙi likitan ya faɗa mata haka da bakinsa.